Fadama Ta Yi Shiru

Tun ina yarinya ɗanya aka kawo ni daga Birniwa gidan mutumin da kullum yake dawowa da warin baƙin mai, kuma har tsufa ya kama mu ban iya raba shi da warin nan ba. Sunan da ke rubuce a ƙofar masana'antarsa, a hanyar Malam Madori, shi ne Haladu Mai Inji. Ni dai Alhaji nake ce masa, in kuma ya ɓata min rai in kira shi Bafillatanin da ya sayar da saniya ya sayi sufana. Shi ma ba ya raga min: Falmata Babarbariya, mai fara faɗa kafin ta amsa sallama.

Da gyaran keke ya fara. Daga baya ya kwance injin wani mataccen babur, ya yi ta fama da shi a tsakar gidana har ya mayar da shi injin ban ruwa. Ranar da abin ya tashi kajina suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Daga wannan hayaniyar aka samu masana'anta mai ƙera injin ban ruwa da na casar shinkafa, wadda take ciyar da gidaje da dama a Hadejia. Ya gina azuzuwa a makarantar unguwarmu, ya haƙa rijiyoyi, amma ba su ne abin da yake so a ransa ba. Duk shekarar da ambaliya ta cinye wa mutane shinkafa, sai ya loda injinan ban ruwa a mota ya bi ƙauyukan Auyo yana rabawa, don su rama da noman rani. Ba ya taɓa cewa kyauta ce. "Aro ne," in ji shi, don kada mutum ya ji nauyi. Ban taɓa ganin ko guda ya dawo ba.

Sannu a hankali idanunsa suka tafi. Likita ya faɗi nasa dogon sunan cutar, ni kuwa na san hasken walda ne ya cinye su. Autanmu Sunusi ya karɓi masana'anta, Alhaji ya koma zaman zaure, hannuwansa a kan gwiwa ba abin taɓawa. Abu guda ya rage masa. In rani ya shigo, duk mako bayan la'asar Sunusi yakan kai shi fadama, a shimfiɗa masa tabarma a kan jingar da ke tare ruwa, ya zauna ya kasa kunne. Daga ko'ina injinansa suna kuka, shi kuma yana gane su ɗaya bayan ɗaya kamar makiyayi a cikin garkensa.

"Wancan na Gwadabe ne," sai ya ce. "Har yanzu bai canja masa fulogi ba, ɗan banza." Gwadabe tsohon manomi ne na wajen Auyo, yana cikin waɗanda suka fara karɓar aron nan da ba a mayarwa.

A irin wannan ranar Alhaji yakan ci tuwo har ya nemi ƙari. Da can ina bin su, sai dai ciwon gwiwa ya zaunar da ni, na daina zuwa.

A ranin bara ne ya fara dawowa shiru. Ya wanke hannu, ya taɓa tuwo, ya ture kwanon. Na yi faɗa, na yi lallashi, na canja miya, duk a banza. Mutum ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata safiya ina shanya a tsakar gida ya kira ni, ya ce in zauna kusa.

"Falmata, ruwa ya ƙafe a fadama."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa min, shi ya sa na tabbatar. Injin da ke jan ruwa kukansa yana da nauyi. Waɗannan kuwa wayam suke juyawa, ba ɗigon ruwa a cikinsu. Suna tayar da su ne in sun hango motata, don kada in gane." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni na cika fadamar nan da injina. Kowa na zuƙa, kowa na zuƙa, ban taɓa tambayar ko ruwan ƙasa yana ƙarewa ba. Na ɗauka taimakonsu nake yi, ashe kashe musu gonaki na yi. Da wane ido zan tsaya gaban Ubangiji?"

Tsoro ya kama ni. Na san mijina: in ya ɗauki magana a ransa, da ita zai shiga kabari.

Na aika aka kira min Sunusi. Na tsare shi a ɗakina, na ce ya faɗa min gaskiya ko in saɓa masa. Ya sosa ƙeya ya ce ruwa na nan lafiya lau. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo manoma suka koma injin sola mai aiki da hasken rana, kuma shi kansa ne yake haɗa musu a masana'antar ubansa. Injin sola ba ya kuka. Da fadama ta fara yin shiru, sai Gwadabe ya tara maƙwabta suka yi shawara: duk ranar da Alhaji zai zo, kowa ya fito da tsohon injinsa ya zuba ɗan fetur ya tayar, don tsohon ya ji daɗi. Amma bututan ruwa duk an mayar da su jikin sola, ba wanda ya yi tunanin jona su da tsofaffin injinan.

"Iya, in ya ji an jingine injinsa, zuciyarsa za ta karye," in ji Sunusi.

"To yanzu da kuka ɓoye, ƙiba ka ga yana yi? Mutumin da ya ƙera abu da hannunsa za ku ruɗa da kukan abin? Gobe da hantsi ka kawo mota, kuma kada ka sanar da kowa."

Da gwiwata da komai na shiga motar nan. Muka isa rana ta ɗaga, shinkafa kore shar har iyakar gani, kuma ba motsin komai sai tsuntsaye. Alhaji ya sauko ya tsaya, fuskarsa ta faɗi.

"Kin ji ko? Yau ba su san da zuwanmu ba."

Na kama hannunsa, na ja shi muka sauka daga jinga muka bi gefen gonar Gwadabe. Ƙafarsa ta nutse a taɓo, ya tsaya cak. Na ƙara jansa har bakin bututu, na sunkuyar da shi, na cusa hannunsa a ciki. Ruwa mai sanyi ya bugi tafinsa ya fantsama har gwiwar hannu.

Ya daɗe a haka. Ya ɗebo ya shinshina, ya ɗanɗana, ya sake mayar da hannun.

"Me ke jawo shi?"

"Rana," na ce. "Ɗanka ne yake haɗa musu. Ba ka kashe gonar kowa ba, Alhaji. Shinkafa ta kai maka ƙugu."

Ya miƙa ɗaya hannun ya shafa kan shinkafar. Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa gani, yana ta maimaita alhamdulillahi. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Can sai ga Gwadabe a guje, hula a hannu. Ya zube gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a yafe mana. Wallahi don kai muka yi."

"Gwadabe, sau nawa na ce maka ba a tayar da inji ba ruwa? Ka ƙona masa roba, ka ƙona fetur, ka kusa ƙona ni." Ya yi dariya, Gwadabe ma ya yi, yana share ido.

Daga nan ya ce a kai shi ya taɓa sabon abin. Sunusi ya ɗora hannun ubansa a kan faifan sola. Ya bi shi da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan, santsi sumul, da zafin rana a jikinsa. Na ga yatsun suna neman wani noti da za su murɗa, ko wata waya da ta saki, ba su samu ba.

"Ya yi kyau," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, Sunusi. Ba abin da zan gyara a jikinsa."

Gwadabe ya matso. "Alhaji, naka yana nan a rumfa, na lulluɓe shi da buhu. Bari in jona masa bututu in tayar maka da shi yadda ya kamata, ka ji shi da ruwa ko sau ɗaya."

Na kalli fuskar mijina. Na san yana so, yana so kamar ransa, har leɓensa ya motsa. Ya juya kansa wajen rumfar da ba ya gani.

"Bar shi," ya ce. "Fetur ya yi tsada. Ka saya wa jikokinka wani abu."

A hanyar komawa ya ce da ni yunwa yake ji, in yi masa miyar kuka da kifi. Na ce to, Bafillatani ya tuna da ciki. Bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. Sai ya laluba ƙofar mota ya sauke gilashi, ya karkata kansa waje. Muka wuce gona bayan gona, kowace da ruwanta yana gudu, kowace shiru. Na so in ce ya rufe, iska za ta sa masa mura, amma na kasa. Har muka shiga Hadejia kunnensa yana waje.