Abin da Likita Ta Ce

Hudu ɗan Barkiya ne, yana sayar da gero da dawa, ranar Asabar kuma yakan hau babur zuwa Kurfi ajin yaƙi da jahilci, inda Malam Badamasi ke koya musu Turanci. Ya fi kowa ƙwazo a ajin. Matarsa Mas'uda takan yi masa dariya idan ta ji yana maimaita darasi a tsakar gida.

Da damina zazzaɓi ya kama Mas'uda, ya ƙi sauka, har ta daina cin abinci. Hudu ya kai ta wani asibiti a Dutsin-Ma. Likitar da ta duba ta 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, ba ta jin Hausa, kuma nas ɗin da ke yi mata tafinta ta fita. Hudu ya ce ba komai, yana jin Turanci.

Likitar ta yi bayani mai tsawo wanda bai kama ba. Ya tambaye ta yaushe za su koma gida. Ta girgiza kai ta ce, "She cannot leave."

Abin da Hudu ya fahimta shi ne ba za ta rayu ba. Bai sake tambayar kowa ba.

Mas'uda ta dube shi ta ce, "Maigida, me ta ce?"

"Ta ce a gida za ki fi samun sauƙi."

Da la'asar, lokacin da masu dubiya suka cika ɗakin, ya tallabe ta suka fita, ya samo mota zuwa Barkiya. Yana so ta cika a gaban mahaifiyarta. Kafin Juma'a ta zagayo ta rasu.

Bayan sadakar arba'in ya koma aji, don zaman gida ya ishe shi. Ran nan Malam Badamasi ya rubuta kalmomi biyu a allo, live da leave. Ya ce, "Ku kula da waɗannan, a kunnenmu kamar ɗaya suke. Ta farko rayuwa ce, a gajarce ake faɗinta. Ta biyu a ja ta, ita ce barin wuri."

Hudu ya ɗaga hannu. "Malam, idan likita ta faɗi mai tsawon, game da majiyyaci?"

"To, tana nufin kada a fita da shi. Akwai sauran magani."

Hudu ya yi ta ƙoƙarin tuna yadda bakin likitar ya furta kalmar. Wani lokaci ya ji ta ja, wani lokaci ya ji ba ta ja ba. Ya tashi ya fita, Malam yana kiransa bai waiwayo ba.

A hanya ya biya gidan surukarsa. Tsohuwar ta kawo masa ruwa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Hudu. Ba don kai ba da 'yata ta mutu a hannun baƙi."

Ya riƙe kofin, ya kasa sha. Da ta ga haka sai ta matso tana ba shi haƙuri.