Rawar Ƙirjin Bakwaini

Kwana uku ke nan da aka sa bakwainin a kwalba, kwana uku kuma Kaka ba ta sa wa cikinta abin kirki ba. 'Yarta, uwar yaron, tana can ɗakin sama da ɗinkin tiyata, ko miƙewa ba ta iyawa. Ita Kakar ce ke zaman gadi a bakin kwalbar, sanye da shuɗiyar rigar asibiti da aka ɗaure mata ta baya.

Da safen nan aka canza wa yaron na'urar numfashi. Ta farkon Kaka ta gane mata: ƙirji ya tashi, ƙirji ya sauka, kamar na kowane ɗan Adam. Wannan sabuwar kuwa, ina! Fat-fat-fat take yi kamar ƙaramin janareta, ƙirjin yaron kuma ba tashi ba sauka, rawa kawai yake yi tun daga wuya har cibiya.

Likita ya tsaya ya yi mata bayani, wai huhun bai yi ƙwari ba, babban numfashi zai iya yaga shi, shi ya sa na'urar ke ba shi ƙanana-ƙanana, ɗaruruwa a minti ɗaya. Kaka ta ce, "To, Allah ya ba da lada." Amma wallahi ko kalma ɗaya ba ta zauna mata a kai ba. Ita fa ta san jijjiga. Ɗanta na biyu a cinyarta ya yi ta har ya cika, shekara talatin da suka wuce, kuma haka jikinsa ya dinga rawa. Yanzu wannan likitan da a haife ta haife shi ne zai ce mata magani ne?

Tsoro ya cika ta. Sau biyu idonta yana kaiwa kan wayar wutar na'urar kamar ta fizge ta, tana kawar da kai. Ta buga wa 'yarta waya, ta ce ta dage da addu'a, Allah ya tsayar da wannan rawa.

Wajen ƙarfe biyu na rana sai ta ga gefen hagun ƙirjin ya lafa. Ta matso, ta ƙura ido. Tabbas ya lafa! Daɗi ya kama ta, ta zauna ta ɗaga hannu tana godiya, sannan ta taka zuwa teburin nas.

"Sista, albishirinki. Ya fara samun sauƙi, gefe ɗaya ya daina rawar."

Biro ya faɗi daga hannun nas ɗin. "Wane gefe? Tun yaushe?"

"Ai an ɗan jima. Na tsaya ina godiya ne."

"Wayyo Mama! Rawar nan ita ce numfashinsa!"

Kafin ta rufe baki na'urar ta fara kururuwa. Likita ya shigo a guje, wani ya tura Kaka jikin bango. Ta tsakanin kafaɗunsu ta hango yaron ya koma ruwan toka. Ta ji ana cewa huhun ya ɓule, iska ta taru ta danne shi, a kawo allura. Kaka ta sulale ƙasa. Minti nawa ta ɓata tana godiya? Biyar? Goma? Ta so ta yi addu'a, ta rasa me za ta roƙa, don abin da ta roƙa tun safe shi aka ba ta.

Can sai kafaɗun suka buɗe. Ƙirjin yana rawa, hagu da dama, har cibiya. Nas ta ɗago ta, ta zaunar da ita a kujera, ta ce, "Ba ki da laifi, ke kika riga na'urar gani. Ki ci gaba da kallo."

Kaka ba ta yarda ba ta da laifi ba, amma ta kafe ƙirjin da ido, ko ƙiftawa tsoro take ba ta. Wayarta ta yi ƙara, 'yarta ce.

"Inna, ya daina rawar?"

"Ke, rufe mini baki!" in ji Kaka. "Kada ki ƙara roƙon wannan."