Hannun Hagun Malam Lurwanu

Tun da Rumaisa ta dawo daga karatu a Japan da ɗaurin hotuna, gidansu na unguwar Bani Harisa a ƙasa mai tsarki bai huta ba. Hotunan matafiya ne a kan wata tsohuwar hanya, zango bayan zango: 'yan dako a kan gada, ruwa na dukan masu malafa. Katako ake sassaƙawa, kowane launi da allonsa, a shafa, a danna takarda. Abin da ya hana ta sukuni shi ne su ma fa suna da hanya. Kakarta Ƙaltume da ƙafa ta zo daga Kano tana 'yar shekara bakwai, amma ba ta taɓa ba kowa labarin ba. In an tambaya sai ta ce, "Mun dai iso."

Rumaisa ta sa a ranta hoto ne zai buɗe bakin tsohuwa. Wata biyu tana fama da katako, yatsu duk filasta, ta fitar da zango guda: ayari a gindin kuka, Malam Lurwanu, mahaifin Ƙaltume, yana cin tuwo. Ranar bugawa zumuɗi bai bar ta ta duba ba, ta ɗaga takardar da ɗanyen launinta ta ruga ɗakin kakar.

"Sitti, shufi, duba! Ga Babanku a hanya."

Sai da takardar ta shiga hannun tsohuwa sannan Rumaisa ta lura. Ta manta allo juya hoto yake yi. Ga Malam, mahaddaci guda, yana kai loma da hagu. Ta miƙa hannu za ta karɓe.

Ƙaltume ta kai takardar dab da ido, ta daɗe.

"Wa ya gaya miki?"

"Wallahi kuskure ne, Sitti, asfa, ki yi haƙuri, zan sake."

"Maciji ya sare shi a gonar auduga a Sudan, hannun damansa ya shanye. Har ya rasu da hagu yake ci, a ɓoye, bayan kowa ya tashi. Ni ce mai riƙe masa kwano."

Ta share ido da gefen mayafi, ta matsa wa jikarta wuri a kan darduma.

"Amma babu kuka a wurin, sai ƙaya. Zango nawa Japanawan naki suka yi?"

"Hamsin da 'yan kai."

"Ashe ba su yi nisa ba. Ɗauko biro ki zauna."