Saƙon Masu Juna Biyu

Ɗakin da Hajiya Fatsuma take koyar da aikin murya a Gaya tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne. An liƙe bangonsa da soso da kiret-kiret na ƙwai, an rataya bargo a ƙofa, ga makirufo ɗaya a tsaye da kwamfutar da sola ke ba wa wuta. Hajiya ta daɗe tana karanta sanarwa da tallace-tallace a wani gidan rediyo a Kano. Da ta yi ritaya ta dawo gida, ta riƙa karɓar tallan taki da maganin feshi da na makarantun kuɗi, tana kuma horar da duk wanda ta ji akwai wani abu a muryarsa.

Rukayya daga Ajingi take zuwa, tun kafin damina ta faɗi. Ta gama sakandare ba ta samu ci gaba ba, sai wata malamarta ta haɗa ta da Hajiya. Ta koyi jan numfashi daga ciki, ta koyi karatu da biro a tsakanin haƙora don harshe ya saki, ta koyi tsayawa taƙi guda daga makirufo kada iskar baki ta buge shi. Ruwan sanyi ma ta bar shi. Abu ɗaya ne ya ƙi barinta, wato gaggawa. Da zarar Hajiya ta ɗaga yatsa alamar an fara ɗauka, sai ƙirjinta ya hau bugawa, kalmomi su riƙa hawa kan juna.

Ranar da abin ya faru, aikin gaske ne a gabansu. Wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata tana neman muryar mace da za a riƙa tura wa masu juna biyu a waya cikin ƙauyuka. Sun nemi mutane da yawa su aiko da gwaji, kuma sun ce bayan la'asar ɗin ranar ba za su ƙara karɓa ba. Rukayya ta yi kwanaki tana bitar rubutun, ta sa alama duk inda za ta numfasa. Ga shi kuma hadari ya haɗu a gabas tun hantsi, rufin ɗakin kuwa kwano ne. Idan ruwa ya sauko, ba a isa a ɗauki ko kalma ɗaya ba.

Ta karanta, Hajiya ta tsayar da ita. Ta sake, aka sake tsayar da ita.

Hajiya ta zare abin ji daga kunnenta ta ce, "Rukayya, wa kike yi wa magana?"

"Mata masu juna biyu, Hajiya."

"Dukkansu? Shi ya sa kike ihu kamar mai shela a kasuwa. Wayar nan a kunnen mace ɗaya za ta kasance, wataƙila tana tsakar gida tana tankaɗe. Zaɓi mace ɗaya da kika sani, ki zaunar da ita a gabanki, ki gaya mata."

Rukayya ba ta sha wahalar zaɓi ba. Yayarta Fiddausi tana aure a Toranke, cikinta ya tsufa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ta je ta gaishe ta. Ta lumshe ido ta gan ta zaune a kan tabarma, ta ja numfashi, ta fara a hankali.

"'Yar'uwa, idan kina da juna biyu kika ga fuskarki da hannuwanki sun kumbura, ko ciwon kai ya matsa miki ya ƙi sauka, ko kina gani dishi-dishi, kada ki ce sai gobe. Hawan jini ne yake zuwa da waɗannan alamu, kuma yana iya kawo jijjiga..."

Nan muryarta ta tsaya. Hajiya tana gyaɗa kai tana murmushi, tana yi mata alama da hannu ta ci gaba, amma Rukayya ta kasa. Sau nawa ta karanta layin nan tana lura da inda za ta numfasa, ba ta taɓa jin abin da yake faɗa ba sai yanzu. Ranar Juma'a Fiddausi da sabulu ta cire zobenta. Fuskarta ta yi suntum har suka yi dariya, aka ce jaririn ne mai ci. Ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, kuma da Rukayya ta miƙa mata waya ta ga hoton wani biki, sai ta ture ta ce idonta ba ya son haske.

"Me ya faru? Wannan ɗaukar ita ce mafi kyau tun da kika zo ɗakin nan."

"Hajiya, Yaya Fiddausi ce. Duk abin nan da na karanta, tana da shi."

Murmushin Hajiya ya ɗauke. Ta tambaye ta ko yayar tana zuwa awo. Rukayya ta ce ta je a farkon cikin, amma tun da aikin gona ya kankama ba ta jin ta koma. Ta fita tsakar gida ta kira wayar Fiddausi, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta kira mijin yayar, Abdulsalam, ya daɗe kafin ya ɗauka, tana jin iska tana kaɗawa ta wajensa.

"Yaya Abdulsalam, ina wuni? Yaya jikin Yaya?"

"Da sauƙi. Ina gona ne. Da safe dai ta ce kan ya matsa mata, har ta yi amai, amma Inna ta jiƙa mata magani. Lafiya?"

Ta fara yi masa bayani, kalmomin suka cakuɗe mata, yana ta cewa ba ya jin ta, sannan layin ya yanke. Da ta sake kira bai shiga ba.

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta dubi sama ta dubi Rukayya. "Saura kaɗan rubutun ya ƙare. Za ki iya ƙarasawa, ki tafi da hankali ɗaya?"

Rukayya ta koma gaban makirufo. Tana son aikin nan ƙwarai. A gida ta riga ta gaya wa mahaifiyarta cewa za a ji muryarta a waya har Gafasa da Balan. Ta buɗe baki, abin da ya fito rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi. Ta sake gwadawa, ya fi na farko muni. Hajiya ta miƙa hannu ta kashe na'urar.

"Ɗauki mayafinki. Kada ki tsaya jiran mota ta cika, ki hau acaɓa. Idan sun yi miki gardama ki kira ni in yi musu magana."

Ba su yi nisa da Gaya ba ruwa ya sauko. Ɗan acaɓan ya so su fake a wata rumfa, ta roƙe shi ya ci gaba. Da suka bar kwalta, babur ya riƙa zamewa a taɓo, wani wurin sai ta sauka ta taka. Duk tsawon hanyar tunani biyu ne ke cin ta. Idan ta tarar Yaya ta riga ta faɗi fa? Idan kuma ta tarar da ita garau tana tuƙa tuwo, ta tayar da hankalin gida guda a kan abin da ta karanta a takardar talla, ta kuma yi asarar aikinta a banza?

Ta tarar da Fiddausi kwance a ɗaki an rufe taga. Surukarta Inna Kulu tana zaune a gefe tana danna mata goshi. Fuskar ta fi ranar Juma'a kumburi, idanun sun ƙanƙance.

"Ke kuwa lafiya, cikin ruwan nan?" in ji Inna Kulu.

Rukayya ta durƙusa ta gaishe ta, haƙoranta suna haɗuwa don sanyi. Ta ce asibiti ya kamata a kai Yaya, yanzu.

"Asibiti a ruwan nan? Haihuwarta ta uku ke nan, 'yar nan. Ni ma duk cikin da na yi sai da na kumbura. Ta sha magani, barci take nema."

Ba faɗa Inna take yi ba, kuma hannunta bai bar goshin Fiddausi ba. Wannan ya sa Rukayya ta ƙara jin kunyar musa mata. Ta ji maganar tana taruwa a bakinta za ta fito a guje kamar yadda ta yi a waya, sai ta tsaya ta ja numfashi har ciki. Ta dubi Inna ita kaɗai, ta faɗa mata a hankali: kumburin ƙafa daban, na fuska da hannu daban, idan ya haɗu da ciwon kai da amai, jini ne ya hau, kuma yana iya kayar da mace ta yi ta jijjiga ita da abin da ke cikinta.

Fiddausi ta yi magana ba tare da ta buɗe ido ba. "Inna, tun ɗazu wasu taurari nake gani suna yawo. Na ƙi faɗa ne kada in tayar muku da hankali."

Inna Kulu ta miƙe ta leƙa waje ta ƙwala wa maƙwabciya kira, ta ce a nemo Abdulsalam, a kuma gaya wa Kamilu mai motar ɗaukar kaya ya kawo ta ƙofar gida.

Tafiyar ta yi wa Rukayya tsawo fiye da zuwanta. Fiddausi tana jingine a jikinta a gaban motar, Abdulsalam da Inna suna baya an lulluɓe da leda. Motar ta kafe a wani kwari, sai da mutanen da ke dawowa daga gona suka tura. Rukayya tana riƙe da hannun yayarta, duk lokacin da yatsun suka motsa sai ta ce a ranta ko shi ke nan jijjigar ta fara. Ta yi ta jan ta da hira kada ta yi shiru, tana tambayarta sunan da za a sa, Fiddausi tana amsawa da ƙyar.

A asibitin Gaya wata nas ta ɗaura mata abin awon jini. Ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ta ɗaga murya ta kira abokiyar aikinta. Kafin Rukayya ta fahimci abin da ake ciki, an ɗora Fiddausi a gado mai taya ana yi mata allura. Suna tura ta ciki jikinta ya fara karkarwa, ƙofar ta rufe. Inna Kulu ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Abdulsalam ya juya ya fuskanci bango.

Sun daɗe a barandar kafin likita ya fito. Ya ce jijjigar ta tsaya, allurar ta riga ta shiga jikinta kafin ta yi ƙarfi, amma dole a ciro jaririn da zarar jinin ya ɗan sauka. Washegari da safe aka yi mata tiyata. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Fiddausi ta farfaɗo, sai dai an ce za a riƙe su a ga yadda jinin zai yi, ita ma jaririyar ba a ba da tabbaci a kanta ba tukuna.

Da hantsi Hajiya Fatsuma ta zo da fulas ɗin kunu. Ta gaisa da Inna Kulu, ta yi wa Abdulsalam barka, sannan ta ja Rukayya gefe.

"Na tura musu abin da muka ɗauka, na yi musu bayani. Sun ce muryar ta yi musu, amma ba za su iya jira ba. Sun ba wata a Kano."

Rukayya ta gyaɗa kai. Ta ɗauka ba za ta ji komai ba bayan abin da ta gani jiya, sai ga hawaye yana zubo mata. Ta so ta ce ba komai, muryar ta fito a dishe, ruwan jiya ya kama mata maƙogwaro.

"Kada ki yi magana," in ji Hajiya. "Ruwan ɗumi da zuma, kuma ban da raɗa, raɗa ta fi ihu gajiyar da murya. Akwai mai sayar da irin wake da yake son talla kafin a gama shuka. Ba babban aiki ba ne, amma naki ne idan kin warke."

Nas ta leƙo daga ɗakin jarirai ta tambayi wanda ke tare da Fiddausi Abdulsalam. Rukayya ta miƙe da sauri har ta yi tuntuɓe da fulas ɗin. Nas ɗin ta ce zani mai tsabta ake so da ƙaramin kofi, za a gwada ba jaririyar nono. Rukayya ta durƙusa ta hau kwance ƙullin kayan da Inna ta zo da shi, Hajiya ta sunkuya ta taya ta nema.