Da Mai Walda Ya Aika a Kira Kafinta

Shekara ashirin da bakwai Kafinta yana tsaron ƙofar coci. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Shi ke raba littafin waƙoƙi, ya nuna wa baƙo wurin zama, ya harari wanda wayarsa ta yi ƙara. Rabin bencin da ake zama a kai ma shi ya haɗa su. Amma da za a tambaye shi wa'azi nawa ya taɓa ji daga farko har ƙarshe, sai dai ya sosa ƙeya, don kullum idonsa na kan masu shigowa a makare.

Abin bai dame shi ba, tunda matarsa na nan. Ita ce mai addu'a kafin a ci abinci, ita ce mai durƙusawa in ciwo ya shigo gida. Yakan ce wa mutane, "Raba aiki muka yi. Ta riƙe sama, na riƙe ƙasa." Bara ta rasu. 'Ya'ya kuwa kowa ya kama gabansa. Tun daga nan a tsaye yake cin abinci a bakin murhu.

Ranar Laraba da hantsi yana auna katako, sai ga matar Mai Walda a ƙofar shago. Mai Walda maƙwabcinsa ne da yake ce wa Yaya, bango ɗaya ya raba su, kuma sun tsufa suna faɗa a kan tartsatsin wuta da ke tsallakowa cikin ɓawon katako. Sati biyu ke nan yana kwance a asibiti.

"Baba Kafinta, yayanka na kira," ta ce. "Likita ya ce mu yi haƙuri."

Ya same shi a gadon ƙarshe kusa da taga, ana yi masa ƙarin ruwa. Ƙaton nan ya koma kamar an wanke shi ya tsuke.

"Limamin ƙofa, ka iso?"

"Na iso, mai ƙona wa mutane shago. Me ka kwanta yi kamar mai jego?"

Mai Walda ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa sai ya ce, "Ka san rabona da coci tun ranar aurena. Kada ka kawo min fasto, zai cika ni da manyan kalmomi. Kai nake so. Ka yi min addu'a, ka gaya min yadda mutum ke shiri. Ai kai kullum kana can."

Kafinta ya buɗe baki. Ya lalubi addu'ar matarsa a ransa, ya ji muryarta sarai, yadda take hawa take sauka, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Mai Walda na kallonsa kamar yadda ake kallon mai gyara in ya buɗe akwatin kayan aiki.

"Irin wannan ba a yi masa gaggawa, Yaya," ya ce. "Bari in je in dawo."

"Ka dai yi sauri. Agogon ba a hannuna yake ba."

Duk da an ce masa ban da fasto, gidan fasto ya nufa, ko zai rubuta masa wani abu a takarda. Aka ce ya tafi taro, sai Juma'a. Ya kira dattijon ikkilisiya sau huɗu, waya a kashe. Ya tsaya a bakin titi, motoci na wucewa, bai san wa kuma zai nema ba. Makullin coci na aljihunsa, sai ya tafi can.

Ba kowa a ciki. Ya wuce wurin tsayuwarsa, ya je tsakiya ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya rufe ido. Bencin ya ɗan karkata. Kafin ya ankara ya sunkuya yana taɓa ƙafar, yana lissafin ƙusa mai inci nawa za ta riƙe ta. Ya ɗago da sauri, kunya ta kama shi, alhali ba mai ganinsa.

Wace ce ta fi muni, ya tambayi kansa, ka ce wa mai mutuwa ba ka da abin ba shi, ko ka bar shi yana jira? Ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can, har rana ta sauka daga tagogin gabas ta koma na yamma.

Da la'asar ya koma asibiti hannu wofi. An ja labule a gadon. An ɗaura wa Mai Walda abin shaƙar iska, idonsa a rufe, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar.

"Sau uku yana tambayarka," matar ta ce, ba tare da faɗa ba. "Na ce masa kana can kana shirya masa mai kyau. Tun azahar bai sake magana ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Nas ta ce wai ko a irin wannan hali suna ji. Ka yi masa addu'ar, bari in kira yara."

Ta fita. Kafinta ya durƙusa a kan simintin, gwiwarsa ta yi ƙas. Ya kama hannun nan mai tabon wuta.

"Yaya, ƙarya na yi maka da safe. Ba abin da na je ɗaukowa. Ban iya ba."

Hannun bai motsa ba.

Kafinta ya sunkuyar da kai. Sannan ya jingina goshinsa da ƙarfen gado.

"Ubangiji Yesu," ya ce, muryarsa kamar ta baƙo a kunnensa. "Ga shi, ga ni. Cikinmu ba wanda ya shirya. Ka fara da shi, shi ya fi gaggawa."

A bayan labule wani yana tura keken magani, tayar na kuka. Kafinta ya jira ya wuce, ya nemi kalma ta gaba.