Ƙyasbin Ɗorawa

A shekarar da fari ya tsananta, ɗorawa biyu suka bushe a gonakin Yashe. Da aka duba jikinsu sai aka ga wasu tabbai masu launin toka, manne da ɓawo kamar ƙyasbi a wuyan mutum. Nan take gari ya yanke cewa ciwo ne, kuma yana yaɗuwa.

Ɗorawar Haulatu ma tana da tabban. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Gajere, yayan marigayin, ya zo har gida ya ce a sare ta kafin ta shafa wa na maƙwabta.

"Yaya, ganyenta fa shar yake."

"Waɗancan ma da shar ɗin suka fara, uwar Kubura."

Ta ɓamɓaro ɓawo, ta ƙulle a gefen zane, ranar kasuwa ta hau mota zuwa Kankia, ta yi ta tambaya har aka kai ta wurin Malam Ashafa, malamin daji.

Ya ɗora wani gilashi mai ƙara girman abu a kan ɓawon, ya ce ta leƙa. Abin da take kira tabo ashe 'yan ganyayyaki ne, shimfiɗe, da wasu mitsi-mitsin ƙoƙuna a tsakiya.

"Halitta biyu ce a jiki guda, Inna," in ji shi. "Ɗaya dangin fumfuna da naman kaza, a cikinsu ma masana suke lissafa shi. Ɗayar gansakuka ce. Fumfunar ta ba da gida, gansakukar ta dafa abinci da hasken rana. Raɓa da ruwan sama suke sha. Itacen nan wurin zama ne kawai, ko a dutse yana fitowa."

"Mi ya kashe waɗancan?"

"Ƙishi. Zuba wa tabon ruwa ki ga ikon Allah."

Ta dawo ta tarar da Gajere a gindin ɗorawar da gatari, tare da wasu maƙwabta. Ta karɓi butar ɗayansu ta tsiyaya a kan tabon. Suna kallo tokar ta juye kore.

"Kin gani!" Gajere ya ja da baya. "Rai gare shi! Kin ma tashe shi daga barci."

Ta zo da hujja, hujjar ta koma kanta. Ta duba gabas ta duba yamma, sai ta nufi wani falalen dutse a bakin gona, ta durƙusa tana nema. Can a gefen da inuwa ke daɗewa ta sami irin tabon, ta juye masa sauran ruwan. Shi ma ya yi kore.

"Yaya, zo ka faɗa mini abin da yake tsotsa a nan. In dutsen ya kamu, fara saransa, ni zan riƙe maka riga."

Wani maƙwabci ya tuntsire da dariya. Gajere ya zo ya kankari abin da farce, ya shinshina, ya daɗe a tsugune.

"Sai ta yi fure mu gani," ya ce. "In ba ta yi ba, ba ki ƙara tare ni."

"Za ta yi."

Ta miƙa hannu. Ya dube ta, ya ba ta gatarin, ta saɓa shi ta yi gaba.