Mari a Ƙafar Ɗantani

A kakar 1954 aka kawo wa Malam Zailani, alƙalin wata gunduma a kudancin Kano, ƙarar wani yaron Fulani da shanunsa suka shiga gonar dawa kusa da Kafin Maiyaƙi. Malam na shirin tafiya birni, don haka ya ce a ajiye yaron a gidan yari sai ya dawo. Da ya dawo, shari'ar gado ta sha kansa. Ya manta.

Sai bayan an gama girbi dogari ya shigo da yaron, Ɗantani, wanda bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Marin ƙarfen da ke ƙafarsa na manya ne, an cusa tsumma don kada ya zame.

Tun ba a tambaye shi ba ya durƙusa ya ce, "Na yi laifi. A yi min bulala."

"Wa ya koya maka wannan?" in ji alƙali.

"Wani baba da muke ɗaki ɗaya. Ya ce in na amsa an fi saurin sakin mutum."

Alƙali ya san baban. Ɓarawon jakuna ne, shi da kansa ya ɗaure shi.

Aka kira Balarabe mai gonar. Yana ganin yaron ya yi salati. "Allah gafarta Malam, ai mun daidaita da Arɗonsu tuntuni! Na ɗauka yaron yana gida."

Malam Zailani ya sunkuyar da kai. Ya so ya yi wa dogari faɗa, amma umarnin wa dogari ya bi?

Ya sa aka cire marin, aka shigo da uwar yaron, Tasalla. Ashe kullum a ƙofar gidan yari take yini, tana miƙa fura ta hannun masu gadi. Ya jira ta yi kuka ko ta zage shi. Sai ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Malam. Allah ya ƙara adalci."

Ya kasa cewa amin.

A ranar ya aika wa hakimi da yari, mai kula da fursunoni, cewa daga yau yaro ba zai kwana cikin manyan fursunoni ba. A damƙa shi ga mai unguwa ko Arɗo, a ji maganarsa washegari a zaure, iyayensa na zaune. Yari ya yi gunaguni, amma hakimi ya amince.

Ran kasuwa Malam ya hau doki har rugar su Tasalla don ya nemi gafara. Ɗantani na hango rawani ya yar da sanda ya faɗa cikin karan dawa. Uwar ta yi ta kira, bai fito ba. Alƙali ya zauna kan tabarma har la'asar, sannan ya faɗa wa Tasalla abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Ni na yafe. Shi kuwa sai ka sake dawowa."